Saƙar Haɗa Launi: Darasin Da Mutanen Shetland Suka Koya Bayan Sun Fitar Da Allura Daga Aji

Bahaushe da kalma guda yake kiran sana'o'i da dama. Wanda ya zauna a masaƙa yana jefa ƙoshiya saƙa yake yi, mai tabarma da mai faifai saƙa suke yi, yarinyar da ke riƙe da kwarashi ita ma saƙa take yi. Kai, har mutumin da ya yi tagumi ya lula duniyar tunani sai mu ce saƙar zuci yake yi. Saboda haka ya zama wajibi tun da farko in fayyace wa mai karatu irin saƙar da nake nufi. Ita ce saƙar ulu da ake yi da dogayen allurai biyu ko fiye, wadda da ita ake yin suwaita da hular sanyi da safar hannu da ta ƙafa. A cikinta ma reshe guda nake so mu duba, wato saƙar haɗa launi, inda masaƙiya ke tafiya da zare biyu masu launi daban a jeri ɗaya, tana ɗaukar wannan tana ajiye wancan, har zane ya fito a jikin riga ba tare da an yi surfani ko rini ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne wani kuka da masu koyon wannan saƙa ke yawan yi a ƙasashe daban-daban. Littattafai na nan birjik, zane-zane na nan, hotunan bidiyo ma ba su ƙirguwa, amma da zarar mai koyo ta kai ga haɗa launi sai ta fara neman mutane: wata wadda za ta nuna wa aikinta, ta dube shi ta gaya mata inda ta kauce. Wannan kuka ba na ragwanci ba ne. Yana da tushe a cikin yanayin sana'ar kanta, kuma akwai al'ummar da ta taɓa yin biris da shi, ta ga abin da ya biyo baya.

Bari mu fara da sana'ar. Saƙar allura jerin ƙananan zobban zare ce da ake sarƙafa wa juna, waɗanda a nan za mu kira ƙulli. Idan launi ɗaya ake yi, zare guda ne ke bi ta kowane ƙulli, hannu kuma ba ya daɗewa yake sabawa. Idan aka ƙara zare na biyu kuwa, wanda ba a amfani da shi a wannan ƙulli sai ya ratsa ta bayan aikin har zuwa inda za a sake ɗaukarsa. Shi ya sa idan ka juya irin wannan riga za ka ga cikinta cike da gajerun zarurruka a kwance. Su ne ke sa rigar ta yi kauri ninki biyu ta tare iska, kuma su ne tushen wahalar mai koyo.

Wahala ta farko ita ce ta ɗaurin hannu. Idan aka ja zaren bayan da ƙarfi, sai rigar ta tattare ta ƙi miƙewa, hular da aka yi wa babba ta koma ta jariri. Idan aka sassauta shi fiye da kima, sai ƙullin ya yi sako-sako, yatsa ya riƙa maƙalewa a ciki. Littafi zai ce kada a ja da yawa, kada kuma a saki da yawa, amma iyakar da ke tsakanin biyun a yatsa ake jin ta. Wahala ta biyu ta fi wannan ɓuya. Daga cikin zaren biyu, wanda ke bi ta ƙarƙashin ɗan'uwansa a baya yakan fi fitowa fili a fuskar riga. Idan masaƙiya ta sauya musu matsayi a tsakiyar aiki ba ta sani ba, sai zanen ya yi haske a wani wuri ya dushe a wani, ita kuma ta rasa dalili. Gwana kallo ɗaya za ta yi ta gane. Wahala ta uku ita ce zaɓen launi. Ja da kore a ƙunshinsu sun bambanta ƙwarai, amma idan duhunsu ɗaya ne, da an saƙa su tare sai zanen ya nutse. Dabarar da ƙwararru ke bayarwa ita ce a ɗauki hoton zaren a mayar da shi baƙi da fari. Idan biyun suka zama toka iri ɗaya, to ba za su fitar da zane ba.

Sai ta huɗu, wadda ta fi kowace tayar da hankali. A al'adar da za mu duba nan gaba, akan saƙa rigar ne a zagaye kamar buhu, domin fuskar zanen ta riƙa kallon masaƙiya koyaushe, sa'an nan a ɗauko almakashi a tsaga wurin hannu da wuya. Aikin makonni ne mutum zai sa wa almakashi. Ulun da ya dace ba ya warwarewa, domin gashinsa na kama juna, amma da wuya a sami mai koyon da za ta yarda da haka ba tare da ta ga an yi a gabanta ba. Gani, in ji masu iya magana, ya kori ji.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan fasaha daga Turai ta faro. Daga cikin mafi tsufan kayan saƙar allura da aka tono akwai safunan auduga daga Masar, na tsakanin ƙarni na 11 da na 14, masu launin shuɗi da fari, wasu ma da rubutun Larabci a jikinsu. Ingancinsu ya nuna cewa sana'ar ta riga ta nuna kafin lokacin. A ƙasar Sifen kuma, a kabarin Yarima Fernando de la Cerda wanda ya rasu a 1275, an sami rigar matashin kai da aka saƙa da siliki, ƙulli kusan 20 a kowane inci, ɗauke da kalmar baraka cikin rubutun Kufi, abin da ya sa masana ke danganta ta da masaƙan Musulmi na Andalus. Sai dai a yau sunan da duniya ta fi sanin saƙar haɗa launi da shi na wani ɗan tsibiri ne a can arewacin Sikotlan, kuma a can ne darasinmu yake.

Shetland tarin tsibirai ne kusan 100 a cikin teku tsakanin Sikotlan da Nowe, mutanensu kimanin 23,000, babban garinsu Lerwick. Daga kudu da su akwai Fair Isle, tsibirin da tsawonsa bai wuce kilomita 5 ba, mazaunansa kuwa 'yan gomomi ne. Sunan wannan tsibiri ne ya bi salon saƙar: launi biyu kacal a kowane jeri, amma ana sauya su daga jeri zuwa jeri har riga ta ɗauki launi biyar ko shida ko fiye, da ƙananan zane-zane masu maimaita kansu. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa matuƙan wani jirgin yaƙin Sifen da ya tarwatse a gaɓar tsibirin a 1588 ne suka koyar da salon. Jirgin ya tarwatse da gaske, amma masana tarihi ba su karɓi sauran labarin ba, domin mafi tsufan kayan Fair Isle da ke hannu na tsakiyar ƙarni na 19 ne. Launukansu na farko su ne na gashin tumakin kansu, da ja na saiwar rini, da rawaya daga tsirran tsibirin, da shuɗin baba wanda fatake ke kawowa.

Ga matan Shetland saƙa abinci ce. Maza na teku suna su, mata na riƙe da gona da gida da allura. Sukan ɗaura wata ɗamarar fata a ƙugu, mai ɗan matashi da aka cusa wa gashin doki aka huda masa ramuka, su soke ƙarshen allura ɗaya a ciki, ta yadda hannun dama zai huta daga riƙo ya koma sarrafa zare kaɗai. Da wannan dabara mace kan yi saƙa tana tafiya, da kwandon makamashi a bayanta. Saurin da ɗamarar ke bayarwa ba ƙarami ba ne: Hazel Tindall, 'yar Shetland, ta lashe gasar saurin saƙa a Amurka a 2008 da ƙulli 262 cikin minti 3. Amma rayuwar ba ta daɗi ba ce. A ƙarni na 19 'yan kasuwa ba sa biyan masaƙa da kuɗi, sai dai su ba su ganyen shayi ko yadi ko wasu kayan kanti a farashin da suka ga dama, har sai da gwamnati ta aika da kwamitin bincike kan wannan ciniki a 1872. A farkon shekarun 1920 kasuwa ta buɗe, bayan da aka ga Yarima mai jiran gadon Birtaniya, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na 8, sanye da suwaitar Fair Isle a bainar jama'a.

A duk tsawon wannan zamani ba littafi ne ya ɗauki sana'ar daga tsara zuwa tsara ba. Yarinya kan buɗe ido ta ga uwa da kaka da maƙwabta da allura a hannu. Ta fara da launi ɗaya, a ba ta hannun riga ko bakinta ta saƙa, manya su yi wurin da ke da wuya. Idan ta yi kuskure, akwai mai gani nan take. Gida ne makaranta, hira da daddare kuma ita ce aji. Wannan tsari ya fara girgiza a shekarun 1970, lokacin da aka sami man fetur a tekun da ke kewaye da su, aka gina tashar mai ta Sullom Voe. Aikin albashi ya samu, kuma babu mai laifin matar da ta ajiye allurar da ta daɗe tana wahalar da ita a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Daga nan nauyin koyarwa ya koma kan makarantun firamare, inda aka daɗe ana da malaman saƙa na musamman da hukuma ke biya.

A shekarar 2010 majalisar da ke mulkin tsibiran ta yanke shawarar daina biyan waɗannan malamai, domin ta rage kashe kimanin fam 130,000 a shekara. Adalci ne mu faɗi hujjar masu wannan shawara. Kuɗi sun yi ƙaranci, saƙa ba ta cikin darussan dole, kuma ana iya cewa abin da yake al'adar gida, gida ne ya kamata ya koyar da shi. Inda hujjar ta yi rauni shi ne gidan da ake dogaro da shi ya riga ya sauya. Iyaye mata da yawa na lokacin sun tashi ne a zamanin mai, ba duka ne ke saƙa ba, waɗanda suka iya kuma suna wurin aiki. Makaranta ta miƙa wa gida amana, alhali tun tuni gida ya miƙa wa makaranta ita. Yaron da ba shi da kaka mai saƙa sai ya zama ba shi da hanya.

Abin lura shi ne a wannan shekara ta 2010 aka fara bikin makon ulu na Shetland, wanda ake yi duk shekara wajen ƙarshen Satumba, kuma ya bunƙasa har ya zama mutane na tasowa daga Amurka da Turai da sauran sassan duniya domin halartarsa. Waɗannan baƙi suna da littattafan, suna da zanen, suna iya sayen ulun Shetland daga inda suke. Abin da suke biyan kuɗin jirgi domin su samu shi ne zama kusa da gwana. Ke nan a daidai lokacin da baƙi ke ƙetare teku neman malama, 'ya'yan gida sun rasa tasu.

Mutanen tsibiran ba su naɗe hannu ba. A 2015 wata gidauniya mai suna Brough Lodge Trust ta fara wani shiri da ta kira ShetlandPeerieMakers, wato ƙananan masaƙan Shetland, domin a karin harshensu peerie na nufin ƙarami. An fara da rukunoni 5 a matsayin gwaji, da kuɗin da jama'a suka tara, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wasu sassan tsibiran. Tsarinsa mai sauƙi ne: ƙwararrun masaƙa na sa kai su zauna da 'yan firamare a ƙananan rukunoni, kyauta, a ba yara zare da allura da ɗamara, a koya musu yadda ake yi a Shetland. In ka duba da kyau, zaman hirar nan ta gida aka sake ginawa, sai dai yanzu da gangan, da jadawali da mai kula.

Wannan al'umma ta fi kowa cancantar ta gane haɗarin, domin ta taɓa rasa wani gado ta irin wannan hanya. Shetland na ƙarƙashin sarautar Nowe ne har zuwa 1469, lokacin da aka jinginar da ita ga Sikotlan, kuma mutanenta na da harshensu mai suna Norn, ɗan'uwan harsunan Nowe da Aisilan. Sannu a hankali iyaye suka daina yi wa 'ya'yansu magana da shi, har ya gushe tsakanin ƙarshen ƙarni na 18 da tsakiyar na 19. Daga 1893 zuwa 1895 wani masanin harshe daga tsibiran Faro, Jakob Jakobsen, ya zagaya Shetland ya tattara kalmomin Norn kusan 10,000 da suka saura a bakin mutane. Aikinsa taska ce mai daraja, amma ƙamus bai taɓa mayar da harshe bakin jariri ba. Haka zanen saƙa yake a kan takarda mai gida-gida: yana adana fasalin abin, ba ya adana hannun da ke yin sa. Hatta kalmomin sana'ar sai a bakin masu yi suke rayuwa. Mutumin Shetland makkin yake kiran saƙa, kuma tumakinsa na da manyan launuka 11 da aka sani da sunayensu, irin su moorit, ja mai duhu kamar ƙasa, da shaela, toka mai duhu, da mioget, mai ɗan rawaya. Ranar da aka rasa mai zaɓen ulu da waɗannan sunaye, za su koma cikin ƙamus su kwanta kusa da kalmomin Jakobsen.

Idan muka leƙa wasu wuraren da saƙar haɗa launi ta yi ƙarfi, abu guda za mu gani. A Selbu ta ƙasar Nowe, wata budurwa mai suna Marit Emstad ce aka ce ta fara saƙa safar hannu da baƙi da fari a 1857, aka ga safar a coci, matan gari suka kwaikwaya, har tauraron nan mai tsini 8 ya zama tambarin yankin. A tsibirin Taquile da ke tafkin Titicaca a ƙasar Feru, maza ne ke saƙar allura, yara kan fara tun suna ƙanana a gaban iyayensu maza, kuma launin hula ne ke nuna mai aure da wanda bai yi ba. Hukumar UNESCO ta karrama fasahar tufafin tsibirin a 2005. Ko a Nowe ko a Feru ko a Shetland, sana'ar ta tsaya ne a inda akwai jama'ar da ke yin ta a idon juna, suna yabawa suna kushewa.

To, ina namu a ciki? Mu ma muna da masu wannan saƙa. Duk wanda ya taɓa zuwa barka ko suna a lokacin hunturu ya ga hula da safa da rigar sanyin jarirai da matanmu ke yi, wasu da hannu, wasu da injin saƙa, kuma mata da yawa da ita suke rufa wa kansu asiri duk da gasar kayan gwanjo. Ga zane kuwa ba mu da talauci: wanda ya dubi hular zanna ko faifai ko tabarma ya san idonmu ya saba da ado mai gida-gida, irin wanda ke shiga saƙar launi biyu ba tare da wahala ba. Abin da ya kamata mu ɗauka daga Shetland bai shafi ulu kaɗai ba, ya shafi yadda muke koyar da kowane aikin hannu. Sau nawa muka ga an tara mata a ɗakin taro na mako ɗaya ko biyu, an raba musu takardar shaida da kayan aiki, an ɗauki hoto, kowa ya watse? Matsalar mai koyo ba a makon farko take tasowa ba. Tana tasowa ne bayan wata biyu, ranar da hula ta tattare a hannunta tana ita kaɗai a ɗaki, ba ta da wadda za ta tambaya. A nan ne da yawa ke ajiye allura, mu kuma mu ce ba su da himma.

Don haka ga masu tsara irin waɗannan shirye-shirye, ko a hukuma ko a ƙungiyoyi ko a makarantun Islamiyya na matan aure, shawarata uku ce. Na farko, a ware wani kaso na kuɗin horo domin zaman mako-mako da zai ci gaba bayan an rufe taro, ko da a zauren wata ne a unguwa. Na biyu, a nemo gwanayen da ke cikin unguwar, waɗanda galibi ba su da takarda, a ba su matsayin malamai da ɗan abin hasafi. Na uku, a sa yara a ciki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a rubuta sunayen da masu sana'ar ke kiran kayan aikinsu da zanensu tun suna raye. Ga shugabannin makarantu kuma, idan lokacin rage kashe kuɗi ya zo, kafin a soke darasin aikin hannu a tambaya: idan aji ya saki, wa zai kama?

Mutanen Shetland sun yi sa'a, domin lokacin da suka farga akwai sauran dattijai mata masu ɗamara a ƙugu waɗanda suka yarda su zauna da yara ba don kuɗi ba. Da sun ƙara jinkirin shekara 20, da sai dai su je gidan tarihi na Lerwick su kalli rigunan kakanninsu ta bayan gilashi. Mu ma namu dattijan na nan tukuna, masu saƙa da masu surfani da masu ɗinkin hula, kuma kullum raguwa suke yi. Allah Ya ba mu ikon zama kusa da su tun da sauran lokaci.